Kafin ka yarda a cire zauren

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ginin da kake yi a bayan Samaru ya kai linta, magini ya ba ka shawara a bar zancen zaure, a ja katanga doguwa a sa get na ƙarfe. Kana tambaya ko zaure al'adar tsofaffi ce kawai, ko kuma dole ne sai ka je gaida mai unguwa kafin ka tare, alhali kai abin da ke hana ka barci shi ne gidaje biyu da aka fasa a layinku.

To, tambayoyin nan naka duk abu ɗaya ne.

Ka tuna gidanmu na cikin birni. Mutum bai isa ya kai tsakar gida ba sai ya bi ta zaure, ya ratsa farfajiya, ya shiga shigifa, kuma ƙofofin ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango ciki. Kakanka yana zaune kan buzu a bakin zaure tun daga hantsi. Baƙo ya yi sallama, a tambaye shi daga ina, wurin wa, sannan a aiki yaro ya kira wanda ake nema. Namiji baligi da ba muharrami ba iyakarsa nan. Da dare samarin gida da almajirai ne ke kwana a wurin. Mutane suna cewa kunya ce da kare mutuncin mata, gaskiya ne, amma ka lura da abin da ya biyo baya: wanda bai taɓa ganin cikin gida ba, bai san ɗakin da ake ajiye kaya ba. Zaria kanta haka aka gina ta. Ganuwa ta kewaye gari, amma ba tudun ƙasar ne kaɗai ke tsaro ba, Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu a da kowace da mai kula da ita, wanda ya san mai shiga da mai fita.

Kada ka ɗauka ba a yi mana sata ba. An yi. Wata damina, ruwa ya jiƙa bangon baya ta wajen makewayi, aka huda shi cikin dare aka kwashe keken ɗinkin gwaggonka da rediyona. Ruwan sama ya rufe ƙarar, ba wanda ya farka. Washegari tsofaffi suka yi ta zancen layar zana. Daga baya ta bayyana wani yaro ne da muka sa aikin yaɓe, ya yi kwana uku yana shiga har ƙuryar gida, shi ya nuna musu hanya. Da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka leburorin nan da ke aikinka yanzu, da mai haɗa wuta, da mai kawo ruwa, ka san inda kowa ya fito. Ranar da aka gama aiki ka canza duk kwaɗon da makullinsa ya taɓa kwana a hannun wani.

Katanga kuwa ban hana ka ba. Ja ta, sa waya mai ƙaya, sa ƙarfe a tagogi, amma ka bar taga ɗaya da za a iya buɗewa daga ciki saboda gobara. Sai dai ka san doguwar katanga baki biyu gare ta: tana wahalar da mai haurawa, amma da zarar ya dira, ita ce ke ɓoye shi. Yana iya kwana yana ɓalle ƙofa maƙwabcinka bai gani ba. Shi ya sa nake cewa ko ɗan ɗaki ne ka fitar a bakin get, mai ƙofa ta waje, inda za ka tari baƙi, ka zauna bayan la'asar a san da mutum a gidan. Fitilar sola kuma ka sa ɗaya a baya, ba gaba kaɗai ba, don ɓarawo ba ta inda ake ado yake zuwa ba.

Mai unguwa, ka je. Kada ka aika, ka taka da ƙafarka, ka riƙe ɗan goro. Shi ya san 'yan sintirin unguwa, shi ya san kangon da zauna-gari-banza ke taruwa. Kuɗin sintiri na wata ka riƙa biya kan lokaci ba sai an buga maka ƙofa ba. Ranar tarewa a dafa abinci a kai gidajen da ke kewaye da kai, matarka ta shiga ta gaida matan. In za ku yi tafiya, maƙwabci ɗaya amintacce za ka samu ka ce masa ga gida nan amana. Mu haka muka taso, ba a shelar tafiya. Ku kuwa tun kuna tasha an sa hoto a Facebook, kun gaya wa duniya gida ba kowa.

Addu'a ba a barin ta. Ka rufe ƙofa da bisimilla, ka karanta Ayatul Kursiyyu kafin ka kwanta, amma bayan ka zura sakata, don cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Abu ɗaya nake roƙonka. In Allah ya sa aka kama wani a layinku, kada hannunka ya shiga dukansa. Na ga inda ihun "ɓarawo" ya hau kan wanda ɓatan hanya kawai ya yi. A kira mai unguwa, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo ka ɗauke ni, ka ce wa maginin ya jira, in ga inda yake nufin kafa get ɗin.