Zan iya yi wa kaina kitson kwarashi a gida alhali ban gama barin rilaksa ba?

'Yar'uwa, kin ce wata 5 ke nan da daina sa rilaksa, kuma kina tsoron kitson kwarashi, wato wanda ake ɗaura gashin doki a kan kitso da kwarashi, zai ƙara karya miki gashi. Za ki iya yi da kanki, amma ki san inda haɗarin yake. Gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka yanzu iri biyu ne a kanki: sabo mai murɗewa a tushe, tsoho mai santsi a sama. Daidai mahaɗarsu nan ne yake tsinkewa.

Ki wanke kai tukuna, ki sa kwandishina, ki warware da yatsu kafin mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe. Sai ya bushe za ki yi kitso kwance zuwa baya, kamar layi 8 zuwa 10. Don Allah kada ki ja. Idan kin ga ƙananan ƙuraje a goshi ko kai na miki zugi da dare, ya yi tsauri, ki kwance.

Sauran ba wuya. Ki zura kwarashin a ƙarƙashin kitson, ki maƙala gashin dokin, ki rufe ɗan harshen da ke bakin kwarashin, ki jawo, sannan ki ɗaure. Ki bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin ɗauri da ɗauri, domin nauyi ne ke cinye gashin gaba. Ni kam ba na taɓa siraran gashin gefen goshi.

Ki riƙa fesa ruwa da ɗan mai a tsagar, ki kwana da hular siliki, ki kwance bayan sati 4 zuwa 6.