Tambaya da Amsa: Ta Yaya Ake Karrama Alƙalin da Ya Rasu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi shekaru yana alƙalanci a Babbar Kotun Jiha, Allah ya yi masa rasuwa bara. Mu 'ya'yansa muna son a yi abin da za a riƙa tunawa da aikinsa. Yayyena sun fi son taro da sa wa titi sunansa, ni kuma ina ganin da sauran aiki. Daga ina za mu fara? (Daga wata 'yar'uwa mai bibiyar wannan fili)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aikin da ya yi wa jama'a ya zame masa haske. Malama, gaskiyarki. Ku fara da hukunce-hukuncensa kafin komai, domin su ne aikin, kuma su ne suka fi saurin salwanta.

Ga dalili. Littattafan da ke buga hukunce-hukunce, irin su NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, sun fi ɗaukar na Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na alƙalin Babbar Kotu, wanda ke zama shi kaɗai yana sauraron shaidu yana rubutawa, galibi a fayil suke ƙarewa, a ɗakin ajiya inda gara da danshi ba sa barin takarda. Duk daminar da ta wuce, wani abu ya tafi.

Ku rubuta wa Babban Magatakardan kotun takarda, ku nemi kwafi mai hatimin kotu na kowane hukunci, ku biya kuɗin da aka ƙayyade ku karɓi rasit. A nan ne mutane ke tuntuɓe: magatakarda ba ya neman fayil da sunan alƙali, da lambar ƙara da sunayen masu shari'a da shekara yake nema. Saboda haka ku duba littattafan ajiyar rana na Baba, ku nemi tsohon akawunsa da lauyoyin da suka daɗe suna bayyana a gabansa, ku haɗa jerin lambobin tukuna. Abin da kuka samu a ɗauke shi da na'urar sikana, a ajiye a wuri biyu daban. In kun tarar da littafin rubuta zaman kotu a cikin kayansa a gida, ku mayar, na kotu ne, ba ya shiga gado.

Sai zaɓen waɗanda za a buga a littafi. Hukunci talatin zuwa arba'in ya isa littafi guda. Ku ba lauya ko malamin jami'a ya tace, ya rubuta wa kowanne gajeren bayani: me aka yi jayayya a kai, me aka yanke, me ya faru da aka ɗaukaka ƙara. Muna roƙonku kada ku ɓoye waɗanda kotun sama ta soke. Da wuya a sami alƙalin da ba a taɓa soke masa hukunci ba, lauyoyi kuma sun sani. Littafin da ya zama yabo zalla ba wanda zai kafa hujja da shi. A shari'un yara da na aure da na fyaɗe, a sakaya sunaye.

Zaman kotu na ban kwana kuwa ba iyali ke kiransa ba, hurumin Babban Jojin jiha ne. Ku kai masa buƙata a rubuce, ku sanar da reshen Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya na yankin. A irin wannan zama alƙalai da lauyoyi kan zo cikin kayan aiki, Babban Joji ya yi jawabi, haka Kwamishinan Shari'a da wakilin manyan lauyoyi masu lambar SAN da shugaban ƙungiyar lauyoyi. Abin da za a nema a wurinku shi ne tarihinsa: shekarar da ya zama lauya, ranar rantsar da shi, wuraren da ya zauna. Ku ciro su daga takardun naɗi. Kwanan wata guda in ya kauce, haka za a yi ta kwafarsa har abada.

Sunan titi aikin ƙaramar hukuma ne a Tsarin Mulkin 1999, can za ku kai takarda. Amma a ganinmu ɗakin karatu ko zauren kotu ya fi dacewa da alƙali. Dubi yadda harabar Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a Abuja ke ɗauke da sunan Mai Shari'a Mohammed Bello, Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Shi kuwa Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, rahoton kwamitin gyaran zaɓe da ya miƙa a 2008 ne ke sa ake ambatonsa duk lokacin da aka tayar da maganar zaɓe.

Tambaya: Ita dai 'yar'uwar ta ƙara da cewa suna son kafa gidauniyar tallafa wa ɗaliban shari'a. Daga ina kuɗin ya halatta ya fito?

Amsa: Kada a taɓa dukiyar marigayi sai an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, an raba gado. Daga nan wanda ya so ya bayar daga rabonsa. Rabon marayu ƙanana ba a sadaka da shi, ko da sunan mahaifinsu ne.

Ku yi wa gidauniyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, da amintattu aƙalla biyu. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a ba da shaida. Da ita za ku buɗe asusun banki da sunan gidauniyar, da sa hannun mutum biyu. Kada kuɗi ya bi ta asusun ɗaya daga cikinku, zumunci da yawa ya lalace a nan.

Wajen neman gudummawa a yi hattara ƙwarai. Kada ku sa alƙalin da ke kan kujera ya jagoranci tara kuɗi, ƙa'idar aikinsu ba ta yarda da abin da zai jawo zargi ba, kuma lauyan da ke da ƙara a gabansa zai ji kamar an tilasta masa. Ku nemi wanda ya yi ritaya. Sharuɗan zaɓen ɗaliban a rubuta su tun farko, a kuma bar wa tsangayar shari'a ta jami'ar ta fitar da sunayen da kanta.