Me zan ce wa uwar da ta riga ta sayo magani a kemis?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Yawancin iyaye mata sai sun ɗirka wa yaro maganin kemis kafin su kawo mana shi. Wanne zan bari su ci gaba da shi, wanne zan hana?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin ki hana komai, ki ce ta nuna miki kwalaben. Kada ki yi mata faɗa, don in kika yi, gobe cewa za ta yi ba ta ba shi komai ba.

Farasitamol ba laifi, matsalarsa awo. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, kuma kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 10, in kwalbar ta ce miligiram 120 a mililita 5, to mililita 5 ta ishe shi. Ki nuna wa uwar layin a jikin murfin awo ko sirinji, domin cokalin shan koko kowane gida da girman nasa. Sannan ki karanta bayan kwalbar maganin mura. Da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai uwa ta haɗa biyun ba ta sani ba, hantar yaro ta sha wahala. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam.

Maganin tari na ruwa, ni dai ban ga amfaninsa ga yaron da bai kai shekara shida ba. Wani barci kawai yake sa shi, uwa ta ɗauka sauƙi ne ya samu. Ruwan ɗumi da nono sun fi, da zuma in ya haura shekara ɗaya. Haka maganin haƙori: fitar haƙori ba ta bukatar kwalba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori na My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. Ki koya wa iyaye mata duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa.

In gudawa ce, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10, rabinta ga wanda bai kai wata shida ba. Ban da maganin tsayar da gudawa.

Ki tuna farasitamol saukar da zafin jiki kawai yake yi, ba ya kashe cutar. Duk mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya. Mai tari kuma ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi na minti guda: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu. Jaririn da bai kai wata biyu ba yana zazzaɓi, ko yaron da ya ƙi nono, ko yake jijjiga, ko yake amayar da komai, ki tura shi babban asibiti nan take.