Tambayoyin Masu Karatu: Tsofaffin Katun a Sabon Zane

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni uwa ce a Tudun Wada, Zariya. Tun muna yara muke kallon katun ɗin Tom da Jerry a gidan maƙwabtanmu da suka riga mu samun talabijin. Yanzu 'ya'yana suna kallon wani shiri mai wannan suna a tashar tauraron ɗan'adam, amma idan na zauna tare da su sai in ga kamar ba su ba ne, domin zanen ya yi santsi, launin ya yi haske, kuma ba ya ba ni dariya irin ta da. Shin na jabu ake nuna mana, ko kuwa girma ne ya zo mini?

AMSA: Hajiya, ba jabu ba ne, kuma ba girma kaɗai ba ne, idonki ya ga gaskiya. Muzurun nan da ɓeran nan sun ratsa hannaye da yawa tun da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM na Amurka a 1940. Waɗanda kika sani kina yarinya galibinsu suna cikin gajerun finafinai 114 da mutanen biyu suka shirya daga 1940 zuwa 1958, kuma ba don talabijin aka yi su ba. Don gidajen sinima aka yi su, ana haska su kafin babban fim, manya da yara na zaune tare. Kowane ɗaya bai wuce minti bakwai ko makamancin haka ba, amma a shekara guda ba a fitar da fiye da 'yan ƙalilan, saboda hoto 24 ke wucewa ta gaban ido a kowace daƙiƙa, kuma da hannu ake zana motsin a takarda, a kwafe shi a kan wata leda mai shara-shara, a shafa masa launi, sannan a ɗora shi a kan zanen ɗaki ko lambu a ɗauki hotonsa. Bayan haka masanin kiɗa Scott Bradley ya tsara kiɗan da zai bi kowane taku da kowace faɗuwa, cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta buga shi. Wannan wahala ce ta sa jerin ya ci kyautar Oscar har sau bakwai.

Da talabijin ta karɓe 'yan kallo daga sinima, MGM ya rufe sashen katun ɗinsa a 1957. An sake tayar da Tom da Jerry a birnin Prague ƙarƙashin Gene Deitch, wanda ya yi gajerun finafinai 13 tsakanin 1961 da 1962, sannan Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, kowanne da irin zanensa. A 1975 ma an yi wani shiri na talabijin da aka mayar da su abokan juna, saboda tashoshin Amurka na lokacin sun tsananta kan nuna duka a shirye-shiryen yara. Wanda 'ya'yanki ke kallo mai yiwuwa shi ne wanda aka fara a 2014, wanda da kwamfuta aka haɗa shi.

Abin da kika rasa a ganina shi ne iya auna lokaci. A tsohon zane, idan tukunya za ta faɗo a kan Tom, za ki ga ya ɗaga kai, ya tsaya cak na ɗan lokaci, idonsa ya nuna ya gane abin da zai same shi, kiɗa ya ɗauke, sannan ta sauka. A cikin wannan ɗan jinkirin dariyar take, kuma samar da shi yana bukatar mai zane ya ɓata kwanaki a kan 'yan daƙiƙoƙi. Tashar talabijin kuwa tana son kashi da yawa cikin ƙanƙanin lokaci da kuɗi kaɗan, don haka sai a gina siffar sau ɗaya a kwamfuta a riƙa juya gaɓoɓinta. Ba na ɗora laifin a kan kwamfutar, domin a 2020 kamfanin Warner Bros. ya fito da sabon jerin Looney Tunes Cartoons ƙarƙashin Peter Browngardt, inda aka mayar da zomon nan Bugs Bunny da agwagwa Daffy Duck ga salon gajerun finafinan shekarun 1940, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Inda aka ba masu zane lokaci da kuɗi, farfaɗowar tana yin armashi. Ki nemi tsofaffin ki nuna wa yaran, domin har yanzu ana haska su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Me ya sa waɗannan manyan kamfanoni suke ta dawo da tsofaffin taurarin katun maimakon su ƙirƙiro sababbi? Basira ce ta ƙare musu?

AMSA: Ɗan'uwa, basira ba ta ƙare ba, lissafin kasuwa ne. Sunan da duniya ta riga ta sani ba ya bukatar talla, kuma uban da ya kalli abu yana yaro ba ya jin ɗar idan ya ga ɗansa a gabansa. Ka duba jakunkunan makaranta da kwanonin abincin yara a kasuwar Sabon Gari, za ka ga hoton Mickey Mouse a jikinsu, alhali ɓeran nan tun 1928 ya fito. Kayan da ake sayarwa da hotonsa wata babbar hanyar samun kuɗi ce, kuma sabon shiri shi ke sa sabon yaro ya san fuskar. Shi ya sa Disney ya sake fito da gajerun finafinan Mickey a 2013, ya kuma dawo da shirin katun na DuckTales na 1987 a 2017.

Akwai kuma batun mallaka. Ɗan kasuwar Amurka Ted Turner ya sayi tsohon rumbun finafinan MGM a 1986, ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992, sannan kamfaninsa ya haɗe da na Warner a 1996, abin da ya sa Tom da Jerry da Bugs Bunny suka zama 'yan gida ɗaya. A dokar Amurka haƙƙin mallakar irin waɗannan tsofaffin ayyuka yana ƙarewa bayan shekara 95, don haka ranar 1 ga Janairun 2024 siffar Mickey ta farko ta zama ta kowa, Popeye na 1929 kuma ya bi sahu a 2025. Amma kowane sabon zane yana da nasa sabon haƙƙin, saboda haka kamfanin da ke sabunta taurarinsa yana ci gaba da riƙe siffar da yaran yau suka sani.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne a Ƙofar Doka. Jikokina ba su da aiki sai wannan katun na duke-duke. Tsohon ne ya fi dacewa da su ko sabon?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan ce maka tsohon ya fi tsabta ba, domin tun da ba don yara kaɗai aka yi shi ba, akwai bindiga da shan taba a cikinsa, akwai kuma wata baƙar mace mai aikin gida da aka zana cikin sigar raini ga baƙar fata, har kamfanin ya riƙa sa gargaɗi a kan wasu fitowar da aka yi daga baya. Sababbin sun rage waɗannan abubuwa, amma duka da fashe-fashe suna nan. Shawarata ita ce wani babba ya riƙa zama tare da su, ya nuna musu cewa wanda aka buga wa guduma a zahiri ba ya miƙewa, a kuma yanke musu lokacin kallo bayan sun dawo daga Islamiyya sun yi aikin makaranta.

TAMBAYA: Malam, ina karatun zane-zane a nan Zariya. Idan Turawa suna farfaɗo da nasu, me zai hana mu mayar da Gizo da Ƙoƙi katun?

AMSA: 'Yar'uwa, wannan tambaya ta faranta mini rai, kuma a garin da ya dace kika yi ta. A nan Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane da ta dage cewa a haɗa dabarun da aka koya daga waje da al'adun gida. A fagen katun ma an fara, domin Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino don yaran Najeriya, kuma a 2024 Disney ya fito da Iwájú tare da kamfanin Kugali, labarin da aka gina a kan birnin Legas. Gizo yana da duk abin da Bugs Bunny ke taƙama da shi na wayo da kwaɗayi da kuɓuta daga hannun wanda ya fi shi ƙarfi, kuma babu kamfanin da ya mallake shi.

Sai dai ina roƙonki kada ki fara da dogon shiri. Minti ɗaya kacal, idan kika yi zane 12 a kowace daƙiƙa, yana bukatar zane 720, don haka ki zaɓi tatsuniya ɗaya gajera ki yi ta da kyau. Manhajar Blender kyauta ce, kuma ana yin zane mai motsi da ita. Ki nemi makaɗin kalangu ya bi motsin taku bayan taku, kamar yadda Bradley ya yi wa Tom. Sannan ki kula da murya, domin tun da Mel Blanc, wanda ya yi muryar Bugs Bunny da Daffy Duck, ya rasu a 1989, duk wanda ya gaje shi da muryarsa ake auna shi. Gizo an san shi da tsamin baki, kuma tsofaffin matan cikin gari da suka yi wa jikoki tatsuniya da dare su suka san yadda yake lanƙwasa harshe. Ki je wurinsu da wayarki, ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu tun kafin ki fara zanen, domin a wannan sana'a murya ake fara ɗauka, sannan a zana motsin baki a kanta.