Rumfar ƙaramin jirgin iska: amsa ga ɗan koyo

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni. Ka ce bayan tafiyata gida wani mai jirgi ya same ka a shago, yana da ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, tsawonsa kimanin mita 6, wanda yake fita da shi daga bakin ruwan Legas zuwa Tarkwa Bay, wurin shaƙatawa na bakin teku kusa da mashigar tashar jiragen ruwan Legas, kuma rana tana gasa shi da iyalinsa a wurin zaman da ke bayan jirgin, inda matuƙi yake riƙe sandar tuƙi. Yana son a yi masa rumfa, kai kuma kana tambaya ko za ka lanƙwasa bututun ƙarfe ka ɗora tamfol kamar yadda muke yi wa Keke Napep da gaban shaguna. Na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka sa almakashi ba, domin wannan aikin dabam yake, kuma kuskure a cikinsa yana iya jefa mutum cikin ruwa.

Kafin ka auna komai, ka tambayi mutumin ko yana son inuwar ce lokacin da jirgin ke tafiya, ko lokacin da ya jefa anka ya tsaya. Yawancinsu za su ce duka biyun, amma rumfa ɗaya ba ta cika biyan buƙatun biyu a jirgi ƙarami. Dalili shi ne sandar nan ta kwance da ke ƙasan babban ƙyallen iska, wadda kanta ɗaya ke manne da jigon jirgi, ɗaya kan kuma yake shawagi a saman wurin zama. Duk lokacin da matuƙi ya juya jirgi, sandar tana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, wani lokaci da ƙarfin da zai iya fasa kan mutum, kuma a jirgi mai tsawon mita 6 da kyar take wuce kan wanda ke zaune. Duk abin da ka kafa a hanyarta, ko ta karya shi, ko shi ya tare ta, kuma idan ya tare ta a lokacin da iska ta cika ƙyalle, jirgin zai kwanta a gefensa.

Saboda haka sai ka je wurin jirgin da kanka, kada ka yarda da awon da aka turo ta waya. Ka sa mai shi ya ɗaga ƙyallen, ya ja igiyar sandar har ta sauko iyakar saukowarta, sannan ya kai ta dama ya kai ta hagu kana kallo. Daga wannan matsayi mafi ƙasa za ka auna, ka bar tazarar akalla inci 4 tsakanin sandar da saman rumfa. Ka lura da inda igiyar ke ɗaure: idan fulinta, wato 'yar tayar da igiyar ke bi ta kanta, yana tsakiyar wurin zama, to rumfa ba za ta rufe wurin gaba ɗaya ba, sai dai ta tsaya a bayan igiyar. Ka duba kuma wayar ƙarfen da ta taso daga kan jigo zuwa bayan jirgi, domin a jirage da yawa dole ka tsaga mata hanya a cikin yadin, ka rufe tsagar da zif. Bayan haka ka zauna inda matuƙi ke zama, ka kai sandar tuƙi ƙarshenta ta kowane ɓangare, ka tabbata gwiwar hannu ba za ta bugi ƙafar rumfa ba.

Idan bayan wannan awo ka ga akwai fili, sai ka yi masa irin rumfar da masu jirage ke kira bimini, sunan wasu tsibirai na ƙasar Bahamas da ke kimanin kilomita 80 gabas da Miami. Bakuna biyu ne ko uku na bututu, masu haɗuwa a mahaɗa guda a kowane gefe, ta yadda za a naɗe su baya su kwanta. A wannan jirgin baka biyu sun isa. Idan kuwa babu fili, ka faɗa masa gaskiya, ka yi masa rumfar tsayuwa, wato yadi mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗawa a kan sandar bayan an sauke ƙyalle, a ɗaure gefunansa da igiya, a sa sanduna biyu marasa nauyi a cikin kalmasa domin su buɗe shi. A ganina wannan ta fi amfani ga mai zuwa Tarkwa Bay, domin sa'o'in da yake yi a tsaye sun fi na tafiya yawa, kuma a tsaye zafin ya fi cin mutum, tunda babu iskar tafiya. Kuɗinta ma bai kai na bimini ba, kuma ba sai an huda jikin jirgi ba.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, iska ba ta bambanta rumfa da ƙyallen jirgi. Ƙarfinta ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yana ninkawa sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a sa'a tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan kilo 6 idan ta same ta gaba da gaba, mai gudun kilomita 72 kuwa kusan kilo 24. Rumfa mai mita 2 da mita 1 da rabi, idan jirgi ya karkata iska mai gudun kilomita 72 ta shiga ƙarƙashinta, za ta ja da ƙarfin da ya kusa buhun siminti ɗaya da rabi. Ka san hadarin farkon damina a Legas, daga Maris zuwa Mayu, yadda yake tasowa daga gabas ya iso cikin 'yan mintuna, alhali iskar da aka saba da ita daga kudu maso yamma take zuwa. A farkon shigata wannan aiki na taɓa ɗaure wata rumfa da sukurori kawai a jikin faiba, wato robar nan mai zaren gilashi da ake ƙera jikin jirgi da ita, hadari ɗaya ya tumɓuke ta tare da guntun jikin jirgin, Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Tun daga ranar ba na sakin rumfar da mutum ɗaya ba zai iya naɗe ta cikin minti ɗaya ba, kuma ba na kafa mahaɗa sai da ƙusa mai noti wadda ta ratsa ta fita, da faranti a ƙasa mai raba nauyi. Kowane rami ka cika shi da abin toshe ruwa, domin sau da yawa akwai katako a tsakanin faiba ta sama da ta ƙasa, kuma idan ruwa ya shiga sai ya ruɓe ba a sani ba.

Baƙin bututun da muke yi wa walda a shago ba ya jure ruwan gishiri, zai yi tsatsa ya ɓata yadi da jirgi tun damina ba ta wuce ba. Ka nemi ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, mai kaurin inci 1 ko 7/8. Mai lamba 304 ya fi araha kuma a ido ba ka bambanta su, amma gishiri yana yi masa ɗigo-ɗigo. Alminiyam ya fi sauƙin nauyi, sai dai inda ya haɗu da sukurun ƙarfe mara tsatsa yakan zagwanye ya yi farin gari.

Batun yadi kuwa, tamfol mai roba yana riƙe zafi ya sauke shi a kan mutum. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne yadin akirilik da aka rina tun yana narkakke kafin a mayar da shi zare, irin su Sunbrella na kamfanin Glen Raven na Amurka, wanda ya fito tun 1961. Launinsa ba ya koɗewa da wuri kuma iska tana ɗan ratsa shi. Idan mai jirgin bai damu da ruwan sama ba, ragar inuwa irin ta masu lambu ta fi sanyi, iska ma ba ta kama ta sosai. Ka ba shi shawarar launin toka mai haske ko ruwan ƙasa. Fari yana barin haske ya ratso, kuma funfunar da laimar Legas ke kawowa tana bayyana a kansa da sauri, baƙi da shuɗi mai duhu kuwa suna zafi, abin da ke damun mutum ƙwarai idan rumfar tana kusa da kansa kamar wannan. Ka yanka yadin da wuƙa mai zafi domin bakinsa ya narke kada ya warware. Zaren auduga da na nailan rana tana cinye su tun yadin yana da sauran ƙarfi, don haka ka yi amfani da zaren foliyesta mai lamba V-92 ko na PTFE, wani nau'in roba mai jure rana, da allura mai lamba 18 ko 20, ka buɗe ɗinkin ya kai kusan milimita 6 domin kada ramukan allura su yi yawa. Kowace kusurwa ka ninka ta uku kafin ka buga zoben igiya, zoben kuma ya zama na tagulla.

Kada ka yanka yadi sai ka kafa bakunan a kan jirgin ka ɗaure su a matsayinsu, ka shimfiɗa farar leda a kai, ka zana layin kowane baka a kanta. Wannan ledar ce ma'auninka. Ka bar tsakiya ta ɗan yi tudu domin ruwan sama ya gangara. A saman inda matuƙi ke zama ka yi taga ta leda mai kauri da murfinta, domin dole ya riƙa ganin ƙyallensa. Rana idan ta karkata da la'asar takan shigo ta gefe, ga hasken da ruwa ke mayarwa, saboda haka ka ɗinka labule ɗaya na raga da za a maƙala a ɓangaren da ranar take, amma ka gargaɗe shi ya cire shi idan zai ratsa mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa.

Ka turo mini awon tsayin sandar kwancen daga wurin zama, da faɗin wurin, da hoton inda igiyar ke ɗaure. Kada ka huda jikin jirgin sai na gani na ba ka amsa, in Allah ya yarda ba zan wuce kwana ɗaya ba.