Bayan an tuɓe kaki, wa ke sara wa wa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni samanja ne mai ritaya. Na yi shekara 35 cikin kaki, na je Laberiya sau biyu, Saliyo sau ɗaya. Abu biyu ke damuna. Watan jiya a wurin wata walima muna hira da 'yan'uwana 'yan mazan jiya, sai na ce mu a zamaninmu ba a barin sansani a hannun maƙiyi. Akwai wani kofur a wurin da ya zo hutu daga Borno, ɗan abokina ne marigayi, a gabana aka raɗa masa suna a bariki. Sai ya ce, "Baba, ai ku yaƙin dala kuka yi." Ya tashi ya bar wurin, har yau bai zo ya ba ni haƙuri ba. Na biyu, a taronmu na wata-wata akwai wani kyaftin mai ritaya wanda bai kai sa'ar ƙanena ba, amma so yake a miƙe masa in ya shigo, kuma kujerar gaba tasa ce. Tarbiyyar soja ce ta lalace, ko mu ne zamani ya bari a baya? Wa ya kamata ya girmama wa?

Samanja mai ritaya, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Samanja. Allah ya ƙara girma. Ni ma na tuɓe kaki, da muƙamin manjo na fita, kuma in aka yi lissafi, lokacin da kake Monrobiya, babban birnin Laberiya, ni ina ɗan sakandare. Da a bariki muka haɗu, kai za ka ƙame ka sara mini. Yau in muka haɗu a ƙofar masallaci, ni zan rusuna in gaishe ka. Don haka bari in fara da maganar kyaftin, ita ce mai sauƙi.

Ka fi ni sanin abin da ake koya wa kurtu a Depo ɗin Zariya, wurin da ke horar da sojoji tun 1924: ba mutum ake sara wa ba, ikon da shugaban ƙasa ya ɗora masa a kafaɗa ake sara wa. Shi ya sa samanjan da ya yi shekara talatin yake sara wa yaron da ya fito daga NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, jiya da anini ɗaya, ba tare da ya ji an rage masa komai ba. To wannan ikon aro ne. Ranar da hafsa ya yi ritaya ya mayar da shi inda ya karɓo, babu wanda doka ta ba shi damar umarta, ko da farabiti ne. Abin da ya rage masa shi ne suna. Ku ci gaba da kiransa Kyaftin, kamar yadda ba a daina kiran malamin makaranta Malam don ya ajiye alli. Amma miƙewa kyauta ce, ba haraji ba. Kujerar gaba kuwa ta wanda kuka ɗora ya shugabanci taron ce, ko da igiya biyu ya yi ritaya. Tun da aka kafa Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Najeriya a 1964, abin da ya tara mutane cikinta shi ne jin daɗin tsohon soja da iyalan waɗanda suka rasu, ba sake buɗe filin fareti ba. Fanshonku ya bambanta, gaskiya ne, amma in ƙarshen wata ya yi duk waya ɗaya kuke leƙawa kuna jiran saƙon banki.

Sai dai kada ku kunyata shi a bainar jama'a. Na ga irinsa da yawa. A cibiyar Oshodi ta Legas ana koya wa masu shirin ritaya kafinta da walda da kiwon kaji, amma babu ajin da ake koya wa mutum yadda zai shiga ɗaki kowa ya ci gaba da zamansa. Wani shekara ɗaya ta ishe shi ya saba, wani har ya mutu bai saba ba. Dattawa biyu su same shi a gida su yi masa magana. In ma kun ga kujerar ce kawai damuwarsa, ku bar masa ta kusa da shugaba, kujera ba ta rage wa kowa fansho.

Maganar kofur ita ce mai nauyi, kuma ka gafarce ni, ba duk abin da zan faɗa zai yi maka daɗi ba. Yaron ya yi kuskure. Amma kai ka fara jifa.

Kai a wurinka hira ce ta tuna baya. Ka duba yadda ta shiga kunnensa. A Janairun 2015 Baga ta faɗa hannun Boko Haram har da sansanin rundunar haɗin gwiwa. A Nuwamban 2018 aka afka wa sansanin Metele, aka kashe sojoji masu yawa har da kwamandan bataliyar. Duk sojan da ya yi aiki a arewa maso gabas, ko bai kasance a irin waɗannan wurare ba, ya san wanda ya kasance. Wataƙila abokin da suka shiga Depo rana ɗaya ne, wataƙila shi ya ɗauko gawarsa. Da ka ce ku ba ku barin sansani, abin da ya ji shi ne ka kira matattunsa ragwaye, a gaban mutane, ana cin shinkafa.

Shi ma abin da ya mayar maka zalunci ne. E, an biya alawus da dala a aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya da Saliyo, babu mai musu. Amma dala ba ta tare harsashi ba a Oktoban 1992, lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka yi wa Monrobiya zobe, ba ta kuma hana 'yan tawaye afka wa Firitawun, babban birnin Saliyo, ranar 6 ga Janairun 1999 ba. Ɗaruruwan sojojin Najeriya ne suka tafi ƙasashen nan biyu ba su dawo da ƙafafunsu ba. Kun yi yaƙi da yara 'yan shekara goma sha biyu riƙe da bindiga, a daji da fadama da zazzaɓi, babu wayar da za ka kira gida ka ji muryar iyali. Yaron bai san wannan ba, ko kuma ya sani zafin zuciya ya rufe masa ido.

Wannan gardamar ta girme ku duka biyun. Tsofaffin da suka je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da runduna ta 81 da ta 82 a yaƙin duniya na biyu, an sake kiran wasunsu lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Rundunar da ba ta fi mutum dubu goma ba ta kumbura zuwa kusan dubu 250 kafin 1970, da horon gaggawa, kuma 'yan Bama kallon yara suke yi wa sababbin. Su kuma 'yan yaƙin basasa, ni da kunnena na ji suna ce wa 'yan ECOMOG yawon buɗe ido suka je. Na tabbata kai ma an taɓa faɗa maka, kuma na tabbata ka tuna yadda ta yi maka ciwo. Gaba da gabanta, in ji masu magana. Yaron nan ma in Allah ya ja kwanansa, wata rana zai zauna a kan tabarma ya ce wa wani ƙaramin soja ai su ne suka ga yaƙi.

Matsalar ita ce babu mudun da ake auna yaƙi da shi. Naku a ƙasar wasu ne, an san ranar tafiya, ko da ranar dawowa ta yi ta ja da baya. Nasu a gida ne, tun Yulin 2009 ake abu ɗaya, an canza wa aikin suna daga Zaman Lafiya zuwa Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai amma dajin bai canza ba. Maƙiyinsu yarensu yake ji, da rana yana iya zama mai sayar da itace. Nakiya a binne take a hanyar da suka bi jiya lafiya. Wasunsu sun yi shekaru a fagen daga ba a sauya su ba. Kuma ba ƙananan sojoji kaɗai abin ya ci ba: Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya faɗi a yankin Askira Uba a Nuwamban 2021. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in an ajiye furanni an saki farar tattabara, ba a ware wa 'yan Bama tasu, a ware wa 'yan Saliyo tasu, a ware wa 'yan Sambisa tasu.

Akwai wani abu da mu masu ritaya muke yawan mantawa, kuma shi ya sa na ɗora maka nauyin da ya fi nasa. Bakinka a sake yake, nasa a ɗaure. Kai yau kana iya zama a majalisa ka soki janar-janar, ka soki gwamnati, ka je gidan rediyo ma in ka so. Shi yana ƙarƙashin dokar soja dare da rana, ko yana hutu. In sansani ya faɗi, akwai dalilai: harsashi ya ƙare, ɗauki bai zo ba, jirgi bai tashi ba, ko umarni ne ya zo a janye. Ko ya san wanne ne, ba shi da ikon zayyana shi a wurin walima. Ka tuna 2014, bayan boren da sojoji suka yi a barikin Maimalari na Maiduguri da kuma ƙin fita aiki da wasu suka yi suna kukan rashin kayan yaƙi, kotun soja ta yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa, sai a ƙarshen 2015 aka sassauta wa 66 daga cikinsu zuwa ɗaurin shekara goma. Duk mai kaki ya san wannan labarin. Ka tuhumi mutumin da ba zai iya kawo hujjarsa ba, sai ya ɗauki abin da ya samu a kusa ya jefe ka da shi. Dala ce ta zo hannunsa.

Shi ya sa tashin da ya yi ban ɗauke shi raini ba. Mai yiwuwa shi ne ladabin da ya rage masa a wannan lokacin. Wanda ya dawo daga daji, ƙaramar magana tana iya tayar masa da abin da shi kansa ba ya iya riƙewa, kuma gara ya bar wurin da ya faɗi ta biyu. In ka ji daga iyalinsa cewa ba ya barci, ko yana firgita da ƙarar ƙofa, ko ya fara shaye-shayen da ba a san shi da su ba, wannan ba taurin kai ba ne, ciwo ne da ake magani. Asibitin soja na 44 yana nan Kaduna, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Maganar tsohon soja ta fi ta likita saurin kai matashin soja can.

Ban ce masu kaki ba su da abin da ake bin su ba. Gaisuwa wajibi ce, kuma a al'adarmu yaro ba ya mayar wa abokin ubansa baƙar magana ko da shi ke da gaskiya. Ina kuma jin takaicin ƙananan sojojin da ke yi wa tsofaffi dariya in sun gan su a ƙofar ma'aikata a Abuja suna neman haƙƙinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Layin da tsohon yake tsaye a kai, nan kowa zai zo ya tsaya.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kai ƙararsa wurin kwamandansa. Na san akwai masu ba da wannan shawarar, kuma na san samanja irinka ba ya rasa yaron da ya horar a kowace bataliya. A doka kai ba na gaba da shi ba ne yanzu, babu laifin rashin biyayya tsakaninku. Amma kira ɗaya daga gare ka ya isa a sa masa ido, a hana shi hutu, ko a tura shi gadirum, ɗakin tsare sojoji, kan wani dalilin daban. Maganar gida ce ta uba da ɗa, a gida za ta ƙare.

Kana jira ya zo ya ba ka haƙuri. Ina ganin kunya ce ta hana shi, kuma tunda wata guda ya wuce, da alama hutunsa ya ƙare ya koma. Mutumin da ke inda yake, ba a jira da shi. Babba juji ne, Baba. Ka nemi lambarsa wurin mahaifiyarsa ka kira shi. Kada ka tambaye shi inda aka kai su, kada ka tambaye shi mutum nawa ya harbe, kai ma ba ka son a yi maka wannan tambayar. Ka ce masa maganar da ka yi ranar nan ba ta dace ba, ba ka san abin da ya gani ba. Ka yi shiru ka ba shi fili. Ina kyautata zaton kafin ka rufe baki zai ce, "Baba, ni ne da laifi." In hira ta yi daɗi, ka ba shi labarin mahaifinsa a bariki, irin wanda babu mai iya ba shi sai kai, ka kuma gaya masa in ya samu hutu na gaba ya biyo ta Zariya.