An sa mini sabuwar gwiwa, yaushe zan koma ƙwallo?

Tambaya: Likita, shekarata 57, ina zaune a unguwar Zariya, Maradi. Sati shida ke nan da aka yi mini aikin sauya gwiwa. Kafin ciwon ya kayar da ni, duk Lahadi ina buga ƙwallo da tsofaffin abokai. Yaushe zan koma fili?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, ƙwallo dai a haƙura da ita. Abin da aka sa maka ƙarfe ne da roba mai tauri a tsakani, kuma gudu da tsalle da juyawa farat ɗaya su ke cinye robar, ko su sassauta ƙarfen daga ƙashi. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. So nake taka ta shiga cikinsu, don aiki na biyu ya fi na farko wuya.

Yanzu abin da ya fi damuna shi ne miƙewar ƙafar. Mutanenmu kan cusa matashi ƙarƙashin gwiwa saboda yana rage zafi, sai ta sandare a lanƙwashe, mutum ya yi ta ɗingishi. Cire shi. Kwanta rigingine, naɗe tawul ka sa ƙarƙashin diddige, ka danna gwiwar ƙasa har ka ji naman cinya ya ɗaure, ka ƙirga biyar, ka saki. Yi goma, safe da rana da dare. Wannan naman ne zai ɗauke ka in za ka tashi daga kujera. In ta kumbura, ɗaga ƙafar ka ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15. Kada ka fasa zuwa wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai motsa gaɓoɓi, shi zai auna lanƙwasar. Muna neman digiri 110 zuwa 120 kafin wata uku.

Daga nan, in likitan da ya yi maka aikin ya yarda, tafiyar ƙafa da sanyin safiya da tuƙa keke duk naka ne. Fara da keken da ba ya tafiya, ka ɗaga sirdin. Salla kuwa, yi ta a kujera tukuna, don zaman tahiya yana neman lanƙwasar da yawancin irin wannan gwiwa ba ta kaiwa.

In sha-raɓarka ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke, ko wurin ɗinkin ya fara ruwa da zazzaɓi, a kai ka asibiti nan take.